Kafin mu ɗora wa mai tallar magani laifi, mu duba famfon ɗakin jinya

Duk lokacin da aka yi taro a Yamai kan magungunan da suka daina aiki, mutum ɗaya ake fara tuhuma: mai tallar magani, wanda ke yawo da tire a ka, ko ya baje kafso cikin rana a bakin tasha. Daga shi sai talakan da ya sha magani kwana biyu, ya ji dama-dama, ya ajiye sauran don gaba. Ana gama zarginsu sai a rufe taro, kowa ya karɓi kuɗin zamansa ya kama gabansa. Ba zan wanke mai talla ba, yana da nasa kason. Sai dai akwai wata ƙwayar cuta da wannan bayanin bai isa ya kama ta ba, ita ce Staphylococcus aureus mai bijire wa metisilin, wadda likitocinmu ke rubutawa SARM, maƙwabtanmu na Najeriya kuma MRSA. Abin da masana suka karanta a cikin gadon halittarta yana nuna cewa babbar hanyarta ba ta bi ta tasha ba. Ta bi ta ɗakin da aka kwantar da marasa lafiya, daga gado zuwa gado, a kan hannun mutane.

Ita Staphylococcus aureus ɗin, wato stafilokok, mai jin magani da mara ji, ba baƙuwa ba ce. Kusan mutum 1 cikin 3 yana ɗauke da ita a cikin hanci ko a kan fata, yana harkokinsa lafiya lau bai ma sani ba. Ita ce mai kawo maruru, da hazbiya, da ƙurjin nono ga mai shayarwa. A gida yawanci abin ya nuna, ya fashe, ya warke. A asibiti kuwa hanyoyin shigarta suna da yawa: yankan tiyata, allurar ƙarin ruwa da ta kwana uku a jijiya, ƙarfen da aka sa wa mai karaya, cibiyar jariri, fatar wanda wuta ta ƙona. In ta samu shiga jini tana iya sauka a ƙashi, ko huhu, ko cikin zuciya, kuma ko a ƙasashen da ke da kayan aiki, kusan 1 cikin 5 na waɗanda ta shiga jininsu ba sa tashi.

A Janairun 2022 mujallar Lancet ta fitar da wani babban lissafi kan wannan matsala. A shekarar 2019 kaɗai, mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani, kuma SARM ita kaɗai ta ɗauki sama da 100,000 daga ciki. Yankin da ya fi kowane yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma, da mutum 27 cikin kowane 100,000. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, cikin majinyata 100 da aka kwantar, 15 za su kwashi wata cutar da ba su zo da ita ba, alhali a ƙasashe masu arziki 7 ne.

Yadda ƙwayar ta kai ga haka labari ne da ya kamata duk mai tsara kasafin lafiya ya sani, domin a cikinsa amsar take. Farantin da Alexander Fleming ya ga gansakuka ta ɓata a Landan a 1928, wanda daga shi aka samu penisilin, stafilokok ne aka shuka a kai. Wato ita ce ƙwayar farko da aka ga penisilin ya kashe. Da maganin ya wadata a shekarun 1940, ciwukan da a da sai yanke ƙafa suka koma abin warkewa cikin mako. Murnar ba ta yi nisa ba. Wata likita mai suna Mary Barber ta riƙa ƙirgawa a asibitin Hammersmith: a 1946 kashi 14 cikin 100 na stafilokok ɗin majinyata ba sa jin penisilin, a 1947 kashi 38, a 1948 kashi 59. Yau sun haura kashi 80 kusan ko'ina a duniya. Dalilin wata ƙwayar gado ce da ake kira blaZ, wadda ke sa ƙwayar cutar ta fitar da sinadarin da ke tsinka penisilin kafin ya taɓa ta. Ita blaZ yawanci tana zaune ne a kan wani ɗan zoben DNA da ake kira plasmid, wanda ƙwayoyin cuta ke iya miƙa wa juna.

Masu haɗa magani suka sake dabara. A 1959 suka fito da metisilin, ɗan'uwan penisilin da wancan sinadari ba ya iya tsinkawa. A 1961, Patricia Jevons ta ba da rahoton stafilokok da shi ma ba sa jin sa, a Ingila.

Wannan karon dabarar ƙwayar daban ce, kuma a nan ya kamata a tsaya a fahimta. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne cikin katanga da take ginawa kullum, in katangar ta samu ɓaraka sai ta fashe ta mutu. Tana da magina nata, wasu sinadarai da ke ɗaure tubalan katangar. Penisilin da duk danginsa, su amoksisilin, kuloksasilin, seftiriyakzon, aikinsu ɗaya ne: su kama hannun maginan nan su riƙe, gini ya tsaya. SARM kuwa ta samo wani magini daga waje, sunansa PBP2a, wanda maganin ba ya iya kama hannunsa. A ɗaure sauran duka, shi zai ci gaba da gini. Ƙwayar gadon da ke samar da shi ita ce mecA. Abin da wannan ke nufi ga majinyaci shi ne ba metisilin kaɗai ya faɗi ba. Kusan duk zuriyar penisilin ta faɗi lokaci guda, in ban da wasu sababbi ƴan kaɗan masu tsadar gaske da ba ka samunsu a kantin unguwa.

Ita mecA ba ta tafiya ita kaɗai. Tana cikin wani ƙunshin DNA da masu bincike na jami'ar Juntendo a Tokyo, ƙarƙashin Keiichi Hiramatsu, suka fayyace wajen shekarar 2000, suka sa masa suna SCCmec. Ƙunshin yana ɗauke da nasa kayan yanka da liƙi, waɗanda ke shigar da shi wuri guda takamaimai cikin gadon ƙwayar. An gano iri fiye da goma. Manyan, irin na II da na III da aka fi sani a asibitoci, sukan haɗo da wasu ƙwayoyin gadon da ke kare ta daga wasu magungunan daban, su eritiromisin ko tetirasikilin. Shi ya sa idan sakamakon gwaji ya fito, sai ka ga harafin R, alamar ƙwayar ba ta jin maganin, ya jeru daga sama har ƙasan takarda. Asalin mecA kuma ba daga Staphylococcus aureus ba ne, an bi sawunta zuwa wasu dangin stafilokok da ke zaune a jikin dabbobi.

Abubuwa biyu da aka gano daga baya sun fi ba ni mamaki. A 2017 masana a Birtaniya suka karanta gadon tsofaffin SARM da aka adana tun farkon shekarun 1960, suka lissafa cewa kakarsu ta samu mecA tun tsakiyar shekarun 1940, kimanin shekara 14 kafin a fara ba kowa metisilin. Yawan amfani da penisilin ne ya ba ta fili. Sai kuma a 2022 mujallar Nature ta wallafa cewa wata ƴar'uwar mecA, mai suna mecC, tana jikin stafilokok ɗin bushiya a Turai tun kusan shekara 200 da suka wuce. A fatar bushiyar akwai wata gansakuka da ke fitar da sinadari irin penisilin, ƙwayar da ke zaune tare da ita dole ta nemi kariya. Lokacin babu penisilin a farmasi, babu mai tallarsa, babu likitan da ke rubuta shi.

To me wannan ya koya mana? Cewa SARM ba a cikin jikin kowane majinyaci ake ƙirƙirar ta ba. Mutum ba ya shan amoksisilin kwana biyu ya bari, sannan stafilokok ɗin hancinsa ta wayi gari da mecA. Samun wannan ƙunshi abu ne da ke faruwa jefi-jefi. Abin da ke faruwa kullum shi ne yaɗuwa: zuriya ƴan kaɗan da suka riga suka samu ƙunshin su ne ke tafiya daga mutum zuwa mutum, daga asibiti zuwa asibiti, har daga nahiya zuwa nahiya. Wata zuriya da ake kira ST239 an bi sawunta ta hanyar karanta gado daga Turai zuwa Kudancin Amurka da Asiya. Matar da aka yi wa tiyatar haihuwa, ɗinkinta ya kama ruwa da SARM, mafi rinjayen zato shi ne ba ita ta haifar da bijirewar ba. Ko dai tana ɗauke da ƙwayar da ta samu a wurin wani tun da, ko kuma an kawo mata ita a nan inda take kwance.

Akwai inda zancen ya bambanta, kuma adalci ne a faɗe shi. Bijire wa sifurofulokzasin ko rifamfisin yana iya tasowa cikin jikin mutum ɗaya ana tsakiyar magani, domin sauyin harafi ɗaya ko biyu a gadon ƙwayar ya isa. Sannan duk maganin da aka sha ba bisa ƙa'ida ba yana kashe ƙwayoyin da ke jin magani, ya bar wa marasa ji wuri su sake. A nan laifin mai talla yake, kuma laifi ne na gaske. Amma shi share wuri yake yi. Kafin ƙwayar ta ci wannan wurin, sai wani ya kai ta.

Yadda ake kai ta an gan shi ƙarara a wani ɗakin jarirai a Kambirij ta Ingila a 2011. Jarirai suka yi ta kamuwa da SARM cikin watanni. Aka wanke ɗakin tas, aka zaci an gama. Bayan sama da wata biyu sai ga wani jaririn da ita. Da aka karanta gadon ƙwayarsa, aka ga zuriya ɗaya ce da ta baya, ba sabuwa ba ce daga waje. Aka gwada ma'aikata 154, aka samu mutum ɗaya yana ɗauke da ita bai sani ba. Aka yi masa maganin da ke kawar da ita daga hanci da fata, cutar ta tsaya. Babu wanda aka kora, babu sabon maganin da aka saya. An dai nemo ta inda take bi.

Mu ma ba a bar mu a duhu gaba ɗaya ba. A 2011 aka wallafa binciken da cibiyoyin ƙawancen Pasteur suka yi a birane biyar na Afirka: Yamai, Dakar, Yawunde, Kasabalanka da Antananarivo. Cikin SARM da suka tara, zuriya uku ne suka mamaye, har da dangin ST239 ɗin nan mai yawon duniya, da ST88 wadda aka fi samu a Afirka. Wato hoton bai bambanta ba, zuriya kaɗan masu yaɗuwa. Binciken ya kuma fito da abin da ya kamata ya hana mu barci: a biranen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, fiye da rabin stafilokok masu jin magani suna ɗauke da gadon wata guba da ake kira PVL, mai fasa fararen ƙwayoyin jini, mai sa maruru ya yi ta dawowa, wani lokaci ta ci huhun yaro mai lafiya cikin ƴan kwanaki. A Turai ba kasafai ake samun ta ba. Ranar da zuriya mai wannan guba ta samu mecA kuma ta samu hanyar yaɗuwa, abin da ya faru a Amurka da zuriyar USA300 a farkon shekarun 2000, inda ta ɓulla a wajen asibiti, a gidajen yari da filayen wasa, ba abin da zai hana shi faruwa a nan. Ga kuma wata ƙwayar gadon, dfrG, da ke karya rabin ƙarfin kotirimokzazol, an nuna ta yawaita a stafilokok na Afirka kudu da Sahara. Kotirimokzazol kuwa yana cikin ƴan magungunan arha da ake dogara da su kan SARM.

Wanda ke shakkar ƙarfin yaɗuwa a ɗakin jinya ya duba abin da aka auna a Maraɗi, aka wallafa a 2011. Ba stafilokok ba ne, ƙwayoyin hanji ne masu bijire wa seftiriyakzon, a jikin yara masu tamowa da aka kwantar. Ranar shiga, kashi 31 cikin 100 ne ke ɗauke da su. Cikin waɗanda suka shiga babu su kuma aka sake gwadawa ranar sallama, kashi 94 sun kwasa. Ƴan kwanakin kwanciya ne suka yi wannan aikin.

Tun da an ambaci seftiriyakzon, bari in faɗi abin da kowane mai jinya a garin nan ya sani. Ita ce allurar da kusan kowace takardar magani ke farawa da ita. Zazzaɓi ya ƙi sauka, seftiriyakzon. Ciwo ya kama ruwa, seftiriyakzon. Magani ne mai kyau a inda ya dace, ya ceci yara da yawa daga sanƙarau. Amma a kan SARM daidai yake da ruwan allura, domin shi ma zuriyar penisilin ne. Sai a yi kwana biyar ana sayen kwalabe, mai gida ya sayar da tunkiya, ciwon na ƙara zurfi. A canza zuwa wani, shi ma bisa zato. Ranar da aka ce a kai mugunya ɗakin gwaji, aljihu ya riga ya bushe. Ko a kan stafilokok mai jin magani ma, kuloksasilin ko sefazolin sun fi dacewa, kuma ƙurjin da ya tara mugunya babban maganinsa a tsaga a fitar da ita. Likitan da ke rubuta takardar ba jahili ba ne. Yana harbi ne cikin duhu saboda ba a kunna masa fitila ba.

Gwajin da zai raba gardama kuwa ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. A shuka ƙwayar a faranti, a ɗora mata ɗan faifan takarda mai ɗauke da sefokzitin, a sa a akwatin ɗumi mai digiri 35 ta kwana. Da safe a auna da'irar da ƙwayar ta kasa tsirowa a kewayen faifan. In ba ta kai milimita 22 ba, SARM ce. Ke nan. A watan Afrilu inuwar Yamai ma ta fi akwatin zafi, amma gwajin yana son ɗumi tsayayye, don haka yana son wutar da ba ta ɗaukewa. Duk da sauƙin nan, binciken da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Afirka da abokan aikinta suka fitar a 2022 kan ƙasashe 14 ya nuna cewa cikin ɗakunan gwaji kusan 50,000, kashi 1.3 cikin 100 ne kawai ke shuka ƙwayoyin cuta. Nijar ba ta cikin ƙasashen da aka duba, amma Burkina Faso da Najeriya da Senegal suna ciki. A Yamai muna da cibiyar binciken lafiya ta CERMES, muna da manyan asibitocin ƙasa, muna da sashen koyon likita na jami'ar Abdou Moumouni da ke yaye masana ilimin ƙwayoyin cuta. Tambayar ita ce majinyacin da aka yi wa aiki a asibitin gunduma can cikin jihar Tawa, mugunyarsa ina za a kai ta, kuma wa zai biya?

Wasu za su ce to a sayo magani mai ƙarfi a ajiye. Bankomisin suke nufi. Lalle ya kamata a same shi a manyan asibitoci, domin wanda SARM ta shiga jininsa yana buƙatarsa yau, ba gobe ba. Amma magani ne na jijiya, ana ɗaukar aƙalla mako biyu ana ba da shi idan ƙwayar ta shiga jini, yana iya taɓa ƙoda, kuma yana son a riƙa auna jini. A kan stafilokok mai jin magani ma bai kai kuloksasilin aiki ba, don haka ba shi ba tare da gwaji ba hasara ce biyu. Shi ɗin ma ƙwayar ta fara lalubo hanyarsa. A 1997 aka ba da rahoto daga Japan na wadda ta kauraro katangarta har maganin ya rage tasiri. A 2002 a jihar Michigan ta Amurka aka samu wadda ta karɓo ƙwayar gadon vanA daga wata ƙwayar hanji, enterokok, ta daina jin sa kwata-kwata. Irin wannan ba ta yawaita ba har yanzu. Ƙasar da ta mai da bankomisin abin rubutawa bisa zato, kamar yadda aka yi wa seftiriyakzon, tana gayyatar ta ne.

Akwai abin da mecA ba ta da kariya daga gare shi. Ba ta kare ƙwayar daga sabulu, ba ta kare ta daga alkol, ba ta kare ta daga ruwan jabel. Hannun da aka goge da alkol na daƙiƙa 20 zuwa 30 yana kashe SARM kamar yadda yake kashe wadda ba ta taɓa ganin magani ba. Kuma an gwada, ba zance ba ne. A babban asibitin jami'a na Janeba, tsakanin 1994 da 1997, aka sa kwalbar alkol a aljihun ma'aikata da gefen gadaje. Tsabtace hannu ya tashi daga kashi 48 zuwa 66, cututtukan da ake kwasa a asibitin suka sauko daga kashi 16.9 zuwa 9.9, yaɗuwar SARM ta ragu da fiye da rabi. A Ingila, masu SARM a jini sun kai kusan 7,700 a shekarar 2003 zuwa 2004. Aka tilasta wa kowane asibiti ya bayyana lissafinsa, aka matsa kan hannu, da kula da allurar jijiya, da gwada majinyata. Cikin shekara goma adadin ya faɗo ƙasa da 1,000. Ba da sabon magani aka yi wannan ba.

Na san amsar da ke bakin mai karatu: can Turai ne. To ga Bamako. A asibitin Point G aka gwada tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, farmasin asibitin da kansa ya riƙa haɗa ruwan goge hannu da alkol, da giliserin, da ruwan oksijene kaɗan, da tafasasshen ruwa. Tsabtace hannu ya tashi daga kashi 8 zuwa kusan 22. Kashi 22 ba abin kirari ba ne, kuma ya nuna cewa kwalba kaɗai ba ta sauya ɗabi'a. Amma ya kusa ninka uku, a asibitin Sahel irin namu, da kayan da ba sai an jira jirgi ba.

Kada a ɗauka ina sauke laifi daga kan mai talla ne don in ɗora wa ma'aikatan jinya. Ma'aikaciya ɗaya da aka bar wa ɗaki cike da majinyata cikin dare, famfo ya ƙafe, safar hannu sai wadda mai jinya ya sayo, ba wa'azin tsabta take buƙata ba. Wanda bai taɓa wanke ciwo goma a jere da almakashi biyu ba, ya yi a hankali da bakinsa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya ce rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su da cikakken abin tsabtace hannu a inda ake duba majinyaci da kuma a bayi. Wannan magana ce ta kasafi da shugabanci. Kuma akwai wata runduna da tsare-tsaren da ake kwafowa daga waje ba su san da ita ba: masu jinya. A wurinmu uwa ce ko ƙanwa ko kishiya ke juya majinyaci, ta wanke shi, ta ba shi abinci, ta taimaka wa ta gadon kusa don zumunci, da dare ta shimfiɗa tabarma a ƙasa. Ga ƴan dubiya, kowa sai ya miƙa hannu. Wannan alheri ne da ba za mu bari ba, ba ma son a bari. Amma ƙwayar tana iya yin makonni a kan busasshen zane ko ƙarfen gado, kuma hannun mai jinya hannu ne kamar na likita. Mu da muke alwala sau biyar a yini, ba za a sha wahalar koya mana goge hannu kafin taɓa ciwo ba, in dai an ajiye abin gogewar a ƙofar ɗaki kuma wani ya nuna mana.

Akwai kuma dalilin da ya sa nake jin tsoron a mai da duk yaƙin ya zama na hana mutane magani. A ƙasar nan rashin maganin ma yana kisa. Gwajin MORDOR da aka yi a Boboye da Loga cikin jihar Doso, wanda sakamakonsa ya fito a 2018, ya nuna cewa raba wa yara azitiromisin sau biyu a shekara ya rage mace-macensu da kashi 18 cikin 100. Wannan yana gaya maka yawan yaran da ke mutuwa da cututtukan da magani mai arha zai warkar. Binciken da ya biyo baya kuma ya nuna ƙwayoyin gadon bijire wa dangin wannan magani sun ninka a hanjin yaran. Duka biyun gaskiya ne, kuma wanda ya riƙe ɗaya ya jefar da ɗaya bai yi wa kowa adalci ba. A kori mai talla daga ƙauyen da babu likita sai an yi tafiyar yini, ba a kawo madadinsa ba, an rage shan magani kuma an ƙara kaburbura. Tsabtar ɗakin jinya kuwa ba ta da wannan ciniki. Ba wanda ake hana wa komai.

A Satumban 2024 ƙasashen duniya suka amince a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za su rage mace-macen da ke da nasaba da bijirewar magani da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. Idan muna son namu kason ya wuce takarda, lissafin kuɗin ma yana gefenmu. Tun 2005 gwamnati ta ɗauke wa mata kuɗin tiyatar haihuwa, a 2006 ta ƙara da yara ƴan ƙasa da shekara 5. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a Afirka har kashi 20 cikin 100 na matan da aka yi wa wannan tiyata ɗinkinsu kan kama cuta. Kowace ɗaya daga cikinsu ƙarin kwanaki ne a kan gadon da wata ke jira, ƙarin allurai ne, wani lokaci komawa ɗakin tiyata ne. Baitulmali da iyali ne ke biya. An riga an biya kuɗin yanka, sai a yi rowar kuɗin alkol?

Abin da nake nema daga ma'aikatar lafiya da shugabannin asibitoci bai kai kuɗin gina sabon bene ba. Kowane asibitin da ake tiyata a cikinsa ya haɗa ruwan goge hannunsa da kansa, da layin kasafi nasa wanda ba a taɓawa, da tankin ruwan da zai riƙe ɗakin tiyata da na haihuwa idan famfo ya ɗauke a bazara. A sa gwajin mugunya da na jini cikin abin da aka ɗauke wa mai tiyatar haihuwa da ƙaramin yaro, domin gwajin da sai an biya kafin a yi, a ƙarshe ake yin sa, lokacin da amfaninsa ya wuce. Asibitocin jihohi irin na Tawa su samu farantai da faifan sefokzitin ba yankewa, na gundumomi kuma su san ranar da mota ke ɗaukar samfur. Sannan kowane babban asibiti ya riƙa ƙirga ɗinki nawa ne ya kama ruwa a wata, nawa ne daga ciki SARM, ya manna lissafin inda ma'aikata za su gani, ba don a hukunta kowa ba. A riƙa ajiye wasu daga cikin ƙwayoyin ana aika wa masu iya karanta gado, ko sau ɗaya a shekara, don mu san ko zuriyar da ke ɗakin ƙashi ita ce ke ɗakin jarirai, kuma ko mai gubar PVL ta riga ta samu mecA a garin nan.